Lambar da Ka Ba Ni Riƙo

Tsiga, ta hanyar Funtua,
12 ga Satumba, 1965.

Zuwa ga Yayana Malam Maharazu, a Zangon Kumasi.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi irin na ƙane ga wansa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyali baki ɗaya, Ya kuma sa albarka a cinikin goro. Mu nan sai godiya. Inna tana nan da sauran ƙarfinta, in ban da gwiwa da ke damunta duk sa'ad da hadari ya haɗu. Har yau ita ke kaɗa zarenta, kuma ba ta yarda kowa ya taɓa mata mazari. Mai ɗakina Tasalla ta sauka lafiya bayan babbar salla, an sami mace, an raɗa mata Rabi'atu, ita ce ta shida a ɗakin. Damina ta yi kyau, alhamdu lillahi. An yanke gero, dawa ta fara fid da kai, audugar gonar rafi kuwa ta yi fure har ana tsayawa kallo. Sai dai ruwan da ya gyara gona shi ya ɓata hanya, sati uku ke nan muna fama da kwalbatin da ya rufta.

Kada ka yi dariyar rubutun nan, na ajin yaƙi da jahilci ne, da gemuna na koye shi. Da gangan na ƙi zuwa wurin mai rubuta wasiƙa na bakin gidan waya, don abin da zan faɗa maka ba na kunnen kasuwa ba ne. Kai ma in har yanzu boko bai shige ka ba, ka nemi mai riƙon amana ya karanta maka a cikin ɗaki. Alhaji Sulemanu bafataken goro na bai wa ya kawo maka, na kuwa liƙe ta sosai.

Yaya, ka tuna ranar da ka tashi? Shekara ashirin da biyu ke nan, ana cikin yaƙin Turawa. A lokacin kana da shekara biyar kana leburan gyaran hanya. Ka kira ni bayan rumbu, ka ciro lambarka ta tagulla mai arba'in da bakwai, ka rataya mini a wuya, ka ce in riƙe maka aikin, rani ɗaya za ka yi a Gwanja, kafin shuka ka dawo. Marigayi heluma Nomau, shugaban leburorinmu, ya ce ba kome, ai ɗan uwa rabin jiki ne, shi dai kwandon marmara yake so ya ga ya isa bakin rami, ba ruwansa da wanda ya ɗauko. Haka kowa ke yi a lokacin. Mai ciwo ya turo ƙanensa, mai biki ya turo ɗan wansa, a kira suna a amsa, ƙarshen wata a dangwala yatsa a karɓi albashi. Washegari da aka kira Maharazu na ce na'am. To, Yaya, shukar nan da ka ce, an yi ta sau ashirin da biyu, ni kuwa ina ta amsawa. A gida da wurin mai unguwa ni Mati ne, da sunan nake biyan haraji. Da na taka hanya sai in zama kai. Abin bai taɓa damuna ba, wallahi har mantawa nake.

Ran nan farkon wata sai ga masinja a kan keke, wai ana nemana a ofishinmu na Funtua. Na wanke rigata na tafi, ina zaton maganar kwalbati ce. Akawun da ke wurin yanzu Malam Istifanus ne, mutumin wajen Malumfashi, ɗan makarantar mishan, mai haƙuri ƙwarai da sanin darajar mutane. Ya ba ni benci, ya miƙo mini takarda, ya ce notis ne na ritaya. Na ce ya yi mini Hausa. Ya ce notis shi ne sanarwa tun da wuri, ritaya kuwa hutawa ce daga aiki saboda tsufa, wai littafi ya nuna na cika hamsin da biyar, ƙarshen Disamba zan ajiye shebur. Kai! Na ji kamar bencin ya zame. Ni da ban fi arba'in da biyar ba, ga goyo a gida, wai na tsufa! Har na buɗe baki zan yi musu, sai na tuna ashe shekarunka ne suka cika, ba nawa ba. Shi kansa Malam Istifanus ya dube ni ya yi dariya, ya ce lalle Allah Ya yi mini jiki mai kyau, bai taɓa ganin ɗan hamsin da biyar da ba shi da furfura ko ɗaya ba. Na ce gadon gidanmu ne. Allah Ya gafarta mini, kai da aka ce kanka ya yi fari fat.

Da ya ga na rikice sai ya ce kada in damu, ai ba hannu wofi zan tafi ba, ina da garatuti kuma ina da fansho. Nan ma na ce ya yi mini Hausa. Ya ce garatuti kamar a yanka maka saniya ne a ba ka naman gaba ɗaya, fansho kuwa kamar a bar maka ita a turke kana tatsa wata-wata har ranar da Allah Ya karɓi abinsa. Wannan kam na gane, har zuciyata ta ɗan yi sanyi. Na tambaye shi me ya sa su Mudi, da muka tsufa tare a kan hanya, ba a taɓa yi musu wannan albishir ba. Ya ce su leburorin yini ne, ni kuwa an yi mini kanfam tun shekarar da aka naɗa ni heluma. Ikon Allah! Ka san na tuna ranar? Obasiya mai duba aikinmu ne ya zo da wata takarda ya ce an kanfam da ni, na ɗauka ƙarin albashi ne kawai, na yanka zakara aka ci aka yi addu'a. Ashe ma'anarsa an tabbatar da mutum a aikin dindindin, an kafa sunansa a littafin da ba a gogewa. Da na san haka, ai ranar ya kamata in ce a tsaya, ga yadda abin yake. Amma Nomau ya riga ya rasu, ba wanda ya tambaye ni kome, ni kuma ina ta murnar zakara.

Akwai kuma wata kalma da ya yi ta nanatawa, wai sabis. Ni a da sabis ɗin da na sani wanda ake yi wa mota ne. Shi ya ce tsawon shekarun da mutum ya yi yana aiki ne ba yankewa, kuma a kansa ake auna kome. Ya ce nawa ashirin da bakwai ne cif, bai taɓa yankewa ba ko na sati guda, har ya yaba mini, wai irinmu sun yi ƙaranci. Na sunkuyar da kai. Biyar naka ne, ashirin da biyu nawa, an ɗinke su wuri ɗaya ba wanda ya ga ɗinkin.

Daga nan ne fa abin ya kwaɓe. Ya jawo wani fayil da ya sha ƙura, ya buɗe, ya nuna mini takardar ranar da aka ɗauke ka aiki. Ta yi ja don tsufa, amma ga yatsanka nan raɗau a ƙasa. Yaya, har tabon nan na lauje da ka yanke muna yara a fadama, ga shi ya raba zanen biyu, fari sol. Wallahi da na gan shi sai da idona ya kawo ruwa, kamar kai na gani a tsaye. Malam Istifanus ya ce makon farko na Disamba wani babban jami'i zai zo, duk mai ritaya zai kawo hotonsa, ya dangwala yatsa a gabansa, a gwada da na fayil, in sun dace sai a ba shi katin fansho. Na sa hannuna cikin aljihu ban sake fitar da shi ba har na bar ofishin. Shekara ashirin da biyu ina dangwala wa mai biyan albashi yatsa, bai taɓa ɗaga kai ya duba ba. Yanzu da abin ya zo ƙarshe ne za a duba.

Bayan kwana uku na kasa haƙuri, na koma. Na ce masa wani abokina ne a can wajen Maska ya aiko ni tambaya, wai shi ya riƙe wa ɗan uwansa aiki shekara da shekaru, yanzu yaya zai yi. Malam Istifanus ya cire tabarau, ya daɗe yana gogewa da bakin riga. Sannan ya ce a bisa doka, sabis ɗin mai sunan ya yanke tun ranar da ya tafi, shi kuma mai riƙon ba a taɓa ɗaukarsa aiki ba, saboda haka shekarun ba na kowa ba ne. Ya ce abin da ake yi wa irin wannan shi ne disimis, wato kora ta wulaƙanci wadda ba garatuti ba fansho, wani lokaci ma har gaban alƙali. Na ce to amma ai hanyar ta gyaru, motocin auduga sun wuce a kanta, wa ya gyara? Ya ce wannan tambaya ta fi ƙarfin kujerarsa. Da zan fita ya raka ni har bakin ƙofa, ya yi ƙasa da murya, ya ce in gaya wa abokin nan nawa shi bai ji kome ba, amma da shi ne, da ya nemo mai sunan da ransa ya zo ya yi bayani da bakinsa, don manya sukan sassauta in sun ga ba cuta aka yi ba, ko da yake bai yi alkawari ba. Ban sani ba ko ya gane ni ne, Yaya. Ina jin ya gane.

Na kai maganar wurin Mudi, don shi kaɗai ya rage cikin abokan aikin da suka san ranar da ka rataya mini lamba. Ka san Mudi, ba ya rasa dabara, sai dai dabarar tasa ba ta kai mutum gida. Ya ce abu mai sauƙi, in sami lauje in yanki babban yatsana daidai inda naka yake, kafin Disamba ya warke ya bar tabo. Kada ka yi dariya, har na wasa laujen. Na zauna a gindin turmi ina juya yatsa, sai na ga ban ma tuna ko daga dama tabon ya faro ko daga hagu ba. Tasalla ta fito ta gan ni, ta yi salati, ta ƙwace laujen ta kai gidan ƙanwarmu Hajjo ta ɓoye, ta ce in ina son in rasa aiki kada in haɗa da yatsa, da shi zan yi noma. Da na koma wurin Mudi sai ya kawo wata. Wai a ce Maharazu ya rasu, a kawo shaidar mai unguwa, iyali su karɓi abin da ake ba magada. Na ce a'uzu billahi! In kashe ka da bakina kana raye, Inna tana ji? Kuma in Maharazu ya mutu, wane ne wannan da obasiya ke gani kullum a bakin kwalbati? Mudi ya sosa ƙeya ya ce wannan ɓangaren bai kai ga tunaninsa ba tukuna.

Sai na tafi wurin Liman bayan sallar la'asar, don ni abin da ya fi ci mini rai ba alƙali ba ne, hakki ne. Na tambaye shi, fanshon nan in ma an bayar, na wane ne, naka ko nawa? Ya ce ai hukuncin aron gona sananne ne, hatsi na wanda ya noma ne, amma 'ya'yan ɗorawar da ke cikin gonar na mai gona ne. Na ce to Allah gafarta Malam, fansho hatsi ne ko ɗorawa? Ya ja carbinsa. Ya ce in gumi ne ya haifar da shi, hatsi ne. In kuwa suna ne ya haifar da shi, ɗorawa ce. Na ce Malam Istifanus ya ce sai an haɗa duka biyun. Liman ya ce to lalle wannan mas'ala sabuwa ce, in ba shi lokaci ya duba. Yau kwana huɗu, in mun haɗu a masallaci sai ya gaishe ni da sauri ya wuce.

Inna kuwa ban so ta ji ba, amma gida ɗaya ba a ɓoye tashin hankali. Ka san ba ta taɓa kama sunanka, kai ɗan fari. Duk shekarun nan in masinja ya tsaya a ƙofar gida ya ƙwala kiran Maharazu, sai ta tashi ta shige ɗaki, ni kuwa na ɗauka kunya ce kawai. Da na gama yi mata bayani ta ajiye mazari, ta ce ita ba ta san fansho ba, ba ta san kanfam ba, abin da ta sani shi ne a gaya wa mutumin Gwanja ya zo ya karɓi sunansa. Ta ce ta gaji, duk ranar da aka kira sai gabanta ya faɗi ta ce ko shi ne ya dawo, ta leƙa ta ga ba shi ba ne. Yaya, ban taɓa sanin haka take ji ba, kuma na ji kunyar kaina ƙwarai.

Jiya aka sake kirana a cike wani fom. Hoton ma na riga na ɗauka a wurin mai hoto na bakin tasha, na fito a tsorace kamar an kama ni a gonar mutane. Malam Istifanus yana tambaya ina amsawa, garinku, sunan uba, duk waɗannan namu ɗaya ne, ba wuya. Sai ya zo wani layi ya ce saura nes-of-kin. Ya ce shi ne ɗan uwa mafi kusa, wanda za a nema in ta Allah ta kasance, a danƙa masa abin da ya rage. Na yi ta tunani. In na ce Tasalla, ai ba matarka ba ce. In na ce Sakinatu, taka, ai tana Kumasi, ban ma taɓa ganinta ba. Sai na ji bakina ya ce Mati. Ya rubuta, ya tambayi me muke da shi, na ce ƙane ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Ya tambayi inda yake zaune, na ce Tsiga. Sannan ya tambayi aikin da Matin nan yake yi. Yaya, na dubi hannuwana, duk kanta, farcen nan da diga ta fasa bai sake fitowa daidai ba, na ce ba ya aikin kome. Ya rubuta haka. Ka ga ranar farko ke nan da sunana ya shiga littafin ofishin nan, kuma a matsayin wanda bai taɓa ɗaukar kwando ba ya shiga. Na fito na zauna a gindin dalbejiyar ofis, na rasa ko dariya zan yi ko kuka.

To ga abin da nake roƙo, don girman Allah da darajar Inna. Ka zo kafin farkon Disamba. Mu tafi tare, ni da kai, mu tsaya gaban jami'in nan, ga fuska ga yatsa, ka ce da bakinka kai ka ba ni riƙo, ba sata na yi ba. Wataƙila su ji tausayi su bayar, wataƙila su kore mu mu biyu, ban sani ba, ba kuma wanda ya iya gaya mini. Amma na gaji da dabara, ramin ƙarya ƙurarre ne, ni kuwa ban ma san ranar da abin nan ya zama ƙarya ba. In an bayar, rabonka na shekara biyar yana nan, in ma Liman ya ce ɗorawa ce duka, ka ɗauka, na san ba za ka bar 'ya'yan ƙanenka shida da yunwa ba. In tafiyar ta gagara sam, ka sa a rubuta takarda cewa kai ne ka ba ni lambar, ka dangwala yatsan nan mai tabo a ƙasa, ka danna sosai ya fito. Amma zuwan ya fi, zumunta a ƙafa take, kuma Inna ba ƙaramar yarinya ba ce.

Ka gaishe mini da Sakinatu da yara duka, da surukanka, da duk mutanen ƙasarmu da ke Zango. Inna tana sa maka albarka. Tasalla tana gaisuwa da ladabi, Hajjo da maigidanta suna gaisuwa, Mudi ma ya ce a gaishe ka, wai yana nan yana tunanin dabara ta uku. Allah Ya sada mu da alheri, Ya rufa mana asiri duniya da lahira, amin.

Alhaji Sulemanu ba zai juyo ba sai bayan kaka, saboda haka kada ka jira shi, ka aiko amsa ta gidan waya, ta hannun ofishinmu na Funtua, don nan ne kawai takarda ke iske ni. Sai dai ka kula, a bayan ambulan ka rubuta Maharazu, heluma, lamba arba'in da bakwai. In ka rubuta Mati za su mayar maka da ita, su ce ba su san shi ba.

Wassalam. Ni ne ƙanenka,
Mati.